Aika faci ta imel a kanel ɗin Linux

Aika faci ta imel hanya ce da masu rubuta manhaja suke bi wajen miƙa gyara ko ƙari ga manhajar da rubutun tushenta yake a buɗe ga kowa. Mai gyaran yana fitar da bambancin da ke tsakanin tsohon rubutu da sabo, ya sa shi a cikin saƙon imel tare da bayanin dalilinsa, sannan ya tura wa masu kula da sashen da gyaran ya shafa da kuma zauren imel na jama'a, inda kowa zai iya karantawa ya faɗi ra'ayinsa. Aikin da ya fi shahara da wannan hanya shi ne kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da wayoyin Android da mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet. Kowane sabon fitowa na kanel ɗin yana ɗauke da gyare-gyare sama da 10,000 daga mutane fiye da 1,500, kuma kusan dukkansu ta saƙon imel suka fara isa hannun masu dubawa.

Ma'anar faci

Kalmar ita ce dai wadda aka sani a wurin masu facin taya, kuma ma'anar ba ta yi nisa ba. A farkon zamanin kwamfuta ana ajiye umarni a kan kati ko doguwar takarda mai huda-huda, idan aka yi kuskure sai a liƙe hudar da ɗan ƙyalle ko a yanke wurin a maye shi da wani. Daga nan sunan ya bi duk wani ƙaramin gyara da ake ɗora wa manhaja.

A yau faci zallan rubutu ne da ke nuna layukan da za a cire da waɗanda za a ƙara a cikin fayil. Layin da za a cire yana farawa da alamar ragewa, wanda za a ƙara yana farawa da alamar tarawa, sannan akan bar layuka uku na sama da uku na ƙasa yadda suke, domin a gane ainihin wurin da gyaran zai zauna ko da fayil ɗin ya ɗan canza. Mutum yana iya karanta shi da ido, kwamfuta kuma tana iya aiwatar da shi kai tsaye. Wannan ne ya sa ya dace da imel.

Tarihi

Manhajar diff, wadda ke fitar da bambancin fayil biyu, Douglas McIlroy ne ya rubuta ta a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, ta kuma fito tare da tsarin Unix a shekarar 1974. A shekarar 1985 Larry Wall, wanda daga baya ya ƙirƙiro harshen Perl, ya saki manhajar patch da ke karɓar abin da diff ta fitar ta ɗora shi a kan fayil. Siffar da aka fi amfani da ita yanzu, mai alamun tarawa da ragewa a jere guda, Wayne Davison ne ya kawo ta a 1990.

Saboda haka lokacin da Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya sanar da aikinsa a ranar 25 ga Agusta 1991, kayan aikin suna nan a shirye. Mutane suka riƙa turo masa gyara ta imel, yana dubawa, yana ɗorawa da hannunsa, yana sakin sabon fitowa. Sama da shekara goma aka yi a haka ba tare da wata manhajar adana tarihin canje-canje ba.

Da aikin ya girma sai ƙorafi ya yi yawa cewa faci yana ɓacewa a akwatin Torvalds ba tare da an ce uffan ba. A watan Janairun 2002 Rob Landley ya ba da shawarar a naɗa mutum guda da zai riƙa tattara faci yana tacewa kafin su isa gare shi. Torvalds bai yarda ba. A ganinsa maganin shi ne kowa ya bi ta hannun ƴan mutanen da ya amince da su, su ma su dogara da waɗanda suka amince da su a ƙasa. A wata mai bi masa ya fara amfani da BitKeeper, manhajar kamfanin Larry McVoy, wadda ba buɗaɗɗiya ba ce, abin da bai yi wa wasu masu ba da gudummawa daɗi ba. A watan Afrilun 2005 kamfanin ya janye izinin amfani da ita kyauta bayan saɓani kan ƙoƙarin Andrew Tridgell na gano yadda take aiki. A cikin ƴan kwanaki Torvalds ya rubuta tushen Git, a watan Yulin shekarar kuma ya miƙa kula da ita ga Junio Hamano.

Git ba ta kawar da imel ba, a kansa ma aka gina ta. Umarnin git format-patch yana mayar da kowane canji da aka adana ya zama saƙon imel, git send-email yana tura shi, git am kuma yana karɓar saƙon a ɗaya ɓangaren ya mayar da shi canji a cikin rumbun mai kula, da sunan marubucin da ranar da ya rubuta da bayaninsa duk a cike.

Siffar saƙon

Ƙa'idojin suna rubuce a cikin rumbun kanel ɗin kansa, a fayil mai suna submitting-patches.rst. Ana rubuta saƙon da Turanci. Kan saƙon yana farawa da kalmar PATCH a cikin baka, sai sunan sashen da aka taɓa, sai taƙaitaccen bayani, kuma ba a son ya wuce haruffa 70 zuwa 75, domin shi ne zai zama sunan canjin a tarihi har abada. Idan gyaran ya kasu kashi-kashi, kowane kashi da saƙonsa da lambarsa: 3/7 na nufin na uku cikin bakwai. Akan sa wasiƙar gabatarwa mai lamba 0/7 a gaba, sauran kuma su zo a matsayin amsa gare ta domin su taru a zare ɗaya. Idan an sake aikowa bayan gyara sai a ƙara v2, v3, da sauransu. Wanda ke neman shawara kawai, bai kai ga neman a karɓa ba, yakan sa RFC.

Babbar ƙa'ida ita ce faci ɗaya, manufa ɗaya. Ba a haɗa gyaran kuskure da sauya sunaye ko gyaran tsarin rubutu a saƙo guda. Haka kuma dole kanel ɗin ya ginu ya yi aiki bayan kowane faci na jerin, ba sai bayan na ƙarshe ba. Dalilin wannan shi ne umarnin git bisect, wanda ke raba tarihi biyu-biyu har ya cafke canjin da ya jawo matsala. Idan akwai wani mataki a tsakiya da ba ya ginuwa, binciken ya tsaya ke nan.

Jikin saƙon shi ne inda sababbin zuwa suka fi tuntuɓe. Abin da aka canza yana bayyane a cikin facin, don haka ba shi ake son a maimaita ba. Ana son a faɗi matsalar da ake fama da ita, wanda take shafa, yadda aka gano ta, da dalilin da ya sa wannan hanyar ta fi wata. Idan an ce gyaran ya ƙara sauri, sai a kawo alƙaluman gwaji. Ana rubuta bayanin da sigar umarni, kamar mutum yana ba wa manhajar umarnin ta canza. Gyaran layi ɗaya yana iya zuwa da bayani mai sakin layi huɗu, kuma masu kula ba sa ganin hakan a matsayin ɓata lokaci, tun da wanda zai zo neman dalilin layin bayan shekara goma ba shi da wanda zai tambaya sai wannan rubutun.

A ƙarƙashin bayanin akwai layi mai gajerun karan ɗori uku. Duk abin da aka rubuta tsakaninsa da facin ba ya shiga tarihi, don haka a nan ake lissafa abin da ya bambanta v2 da v1.

Sa hannu

Kowane faci dole ya ƙare da layin Signed-off-by mai ɗauke da sunan marubucin da adireshinsa na imel. An kawo wannan ne a shekarar 2004, bayan kamfanin SCO ya kai IBM ƙara a watan Maris 2003 yana iƙirarin cewa an zuba rubutun Unix mallakarsa a cikin Linux. Shari'ar ta nuna cewa ana buƙatar shaidar inda kowane layi ya fito. Wanda ya sa wannan layi yana amincewa da wata gajeriyar takardar shaida da ake taƙaita sunanta da DCO: cewa shi ya rubuta gyaran kuma yana da ikon bayar da shi a ƙarƙashin lasisin aikin, ko ya gina shi a kan wani aiki mai lasisin da ya dace, ko kuma ya karɓe shi daga wanda ya ba da irin wannan shaida bai canza komai ba. Sigar 1.1 ta 2005 ta ƙara da cewa mai sa hannun ya san gudummawarsa da sunansa za su zauna a bainar jama'a ba tare da iyaka ba. Marubucin ba ya miƙa haƙƙin mallakarsa ga kowa. Rubutun nasa ne, amma a ƙarƙashin lasisin GPL siga ta 2. Duk mai kula da facin ya bi ta hannunsa yana ƙara nasa layin a ƙasa, ta haka ake ganin hanyar da ya biyo. An daɗe ana sharɗanta sunan gaskiya, a 2023 aka sassauta kalmomin zuwa sunan da aka san mutum da shi, amma har yanzu ba a karɓar gudummawar wanda ya ɓoye kansa gaba ɗaya.

Akwai wasu layukan da ke raka shi. Reviewed-by yana nuna wanda ya duba ya gamsu, Acked-by amincewar mai kula da wani sashen da gyaran ya gitta, Tested-by wanda ya gwada, Reported-by wanda ya kawo rahoton matsalar. Layin Fixes yana ambaton canjin da ya haifar da kuskuren ta haruffa aƙalla 12 na farkon lambarsa, kuma da shi masu kula da tsofaffin fitowa suke gane inda ya kamata a mayar da gyaran.

Tsarin duka a kan amana yake tafiya, kuma an gwada shi. A watan Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman ya dakatar da karɓar faci daga Jami'ar Minnesota, bayan ta bayyana cewa wasu masu bincike a can sun aika gyare-gyare masu ɓoyayyen lahani da sunayen bogi domin su ga ko masu dubawa za su gane, ba tare da sun nemi izinin kowa ba. An sake bin ɗaruruwan facin da suka fito daga jami'ar a baya ɗaya bayan ɗaya. An samu cewa mafi yawansu da kyakkyawar niyya aka yi su, masu binciken kuma sun janye takardarsu, amma aikin ya cinye lokacin masu kula da dama.

Hanyar da faci ke bi

Kafin aikawa, mai gyara yakan bi da facinsa ta checkpatch.pl, wadda ke duba tsarin rubutu, kamar tsawon layi da yin amfani da tab a maimakon fili. Sai get_maintainer.pl, wadda ke karanta fayil ɗin MAINTAINERS da tarihin fayilolin da aka taɓa ta fitar da sunayen waɗanda za a tura wa. Wannan mataki ba ƙarami ba ne. Babban zauren kanel yana karɓar saƙonni masu yawan da babu mai iya karanta su duka, don haka facin da aka jefa can kaɗai, ba a sa mai kula da sashen ba, da wuya wani ya waiwaye shi.

Masu dubawa suna amsawa ne a cikin saƙon kansa: su kwafo layin da suke magana a kai, su rubuta sharhi a ƙarƙashinsa, su share sauran. Ba a son a ɗora amsa a sama a bar tsohon saƙon gaba ɗaya a ƙasa kamar yadda aka saba a ofisoshi. Ana sa ran marubucin ya amsa kowane sharhi, ko ya gyara ko ya kare matsayinsa. Jeri mai nauyi yakan kai v10 ko fiye kafin a karɓa. Ba mutane kaɗai ke dubawa ba: na'urar gwaji ta kamfanin Intel tana ɗauko faci daga zaurukan ta gina su a kan nau'o'in kwamfuta daban-daban, idan wani abu ya karye ta aiko da rahoto ta imel ita ma. Idan aka ji shiru, ƙa'ida ta ce a jira aƙalla mako guda kafin a tuna wa masu kula.

Facin da aka karɓa yana shiga rumbun mai kula da sashen, daga nan zuwa linux-next, rumbun da Stephen Rothwell ya fara a 2008 inda ake haɗa ayyukan sassa domin a ga inda suke karo da juna. Bayan kowane fitowa Torvalds yana buɗe ƙofa na mako biyu, masu kula su aiko masa da buƙatar ya ja canje-canjensu, ita ma ta imel. Sai a rufe ƙofar a shiga fitowar gwaji mako-mako, yawanci bakwai, wani lokaci takwas, inda gyaran kuskure kawai ake karɓa. Zagayen yana ɗaukar mako tara zuwa goma. Bayan kutsen da aka yi wa kernel.org a 2011, sa hannun sirri na PGP a kan waɗannan buƙatu ya zama al'ada. Andrew Morton, mai kula da sashen sarrafa ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ci gaba da tura wa Torvalds ɗaruruwan faci ta imel kai tsaye har zuwa 2022, lokacin da ya koma Git.

Ga masu farawa, sashen drivers/staging, inda ake ajiye direbobin da ba su kai matsayin sauran ba, shi ne wurin da aka fi karɓar ƙananan gyare-gyaren tsafta. A wasu sassan irin wannan gyara ba ya samun maraba sosai, saboda yana cin lokacin dubawa ba tare da ya magance wata matsala ba.

Matsalar manhajojin imel

Faci yana lalacewa da abu kaɗan. Idan manhajar imel ta mayar da tab ya zama fili, ko ta karya dogon layi gida biyu, ko ta share filin da ke farkon layi, git am zai ƙi ɗora shi. Mafi yawan manhajojin zamani, musamman na cikin burauza da na waya, suna yin waɗannan abubuwa ba tare da sun tambaya ba. Zaurukan vger.kernel.org kuma suna mayar da duk saƙon da ya zo da siffar HTML. Maƙala facin a matsayin fayil ma ba a so, domin yana hana mai dubawa yin sharhi layi-layi. Akwai fayil guda a cikin takardun kanel, email-clients.rst, da aka keɓe don bayanin yadda za a saita kowace manhaja, shawararsa ta farko kuma ita ce mutum ya tura wa kansa facin ya gwada ɗora shi kafin ya tura wa jama'a.

Ƙarin wahala ta zo daga masu ba da hidimar imel. A watan Mayun 2022 Google ya daina barin a shiga Gmail daga wasu manhajoji da kalmar sirri ta yau da kullum, sai an ƙirƙiri ta musamman. Uwar garken imel ta kamfanoni da yawa tana liƙa dogon gargaɗin sirri a ƙasan kowane saƙo ko ta sauya rubutun, abin da ke sa ma'aikatansu neman wani adireshi na daban don wannan aiki. Dokokin yaƙi da saƙonnin bogi, irin su DMARC, su ma sukan sa saƙon da ya bi ta zaure ya faɗa kwandon shara.

An ƙirƙiro kayan aiki don rage wannan. Patchwork, na Jeremy Kerr, yana tattara faci daga zaure ya nuna matsayin kowanne. Rumbun lore.kernel.org, da aka gina a kan manhajar public-inbox ta Eric Wong, yana adana saƙonnin ta yadda kowa zai iya sauke tarihin zaure gaba ɗaya ta Git. A kansa Konstantin Ryabitsev ya gina b4 a 2020. Da lambar saƙo ɗaya b4 tana ɗauko jerin faci mafi sabunta, ta tattaro layukan Reviewed-by da Tested-by daga amsoshi, ta jera su. Daga baya aka ƙara mata hanyar aikawa ta wata uwar garke ta kernel.org ga wanda imel ɗinsa ke lalata faci.

Muhawara

Tun bayan buɗe GitHub a 2008, mafi yawan sababbin masu rubuta manhaja ta shafin intanet suka koyi ba da gudummawa, inda dannawa kaɗan ta isa. A wurinsu hanyar imel baƙuwa ce. A 2020 Sarah Novotny ta kamfanin Microsoft, tana cikin hukumar gudanarwar Gidauniyar Linux a lokacin, ta bayyana ta a matsayin shinge ga masu son shigowa. Masu suka suna ƙara da cewa faci yana iya ɓacewa ba tare da an sani ba, sharhin v2 ba ya bin v3, kuma kowane sashe da irin al'adarsa da ba a rubuta ba.

Masu kare ta suna duban abin ne daga kujerar mai kula. A taron Kernel Recipes na 2016 a birnin Faris, Kroah-Hartman ya yi jawabi a kan wannan batu, inda ya nuna cewa mai duba ɗaruruwan faci a mako ya fi sauri a cikin manhajar imel da ya saita wa kansa fiye da shafin da sai ya jira ya buɗe. Ya kuma ambaci cewa imel yana aiki ga wanda intanet ɗinsa ke yankewa, tun da zai iya saukewa ya karanta ya rubuta amsa ba tare da haɗi ba, yana kuma aiki ga makafi masu amfani da manhajar karanta allo. Wata hujjar ita ce babu kamfani guda da ke riƙe da aikin, kuma darasin BitKeeper bai gushe ba. Torvalds da kansa ya faɗa a 2012 cewa ba ya karɓar buƙatun ja na GitHub, yana mai kukan rashin ingancin bayanin da ke zuwa da su. Hujjojin ɓangarorin biyu ba sa karo sosai: ɗaya yana magana ne a kan wahalar facin farko, ɗayan a kan wahalar faci na dubu.

Sauran ayyuka

Git ita kanta ta imel ake gyara ta, sai dai tun 2018 akwai GitGitGadget na Johannes Schindelin, wanda ke karɓar buƙata a GitHub ya mayar da ita jerin saƙonni. QEMU, U-Boot, Buildroot, GCC da glibc suna bin hanya mai kama da ta kanel. PostgreSQL yana karɓar faci a maƙale da saƙo, yana kuma duba su a zagaye-zagaye da ake kira commitfest. Wasu sun bar hanyar: Mesa, manhajar zane ta Linux, ta koma GitLab tsakanin 2018 da 2019. A shekarar 2018 ɗin ce kuma Drew DeVault ya buɗe SourceHut, wurin ajiye ayyukan manhaja da aka gina shi tun daga tushe a kan git send-email.